Kacalar Gindin Gona da Raken Taubashina

Shekarar da aka rufe iyaka a Ɗan Barto, manyan motoci suka yi layi a bakin hanya har direbobi suka kafa murhu a ƙarƙashinsu, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke mana hatsi yana ciki. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can. Mu mutanen ƙasar Matameye mun saba in rumbu ya yi ƙasa mu gangara kudu mu auno, sai ga shi mun wayi gari hanya a rufe, sama ma a rufe. A lokacin ina da iyali, yara ƙanana, mahaifina kuma bai daɗe da rasuwa ba, Allah Ya yi masa rahama.

Ƙauyenmu yana tsakanin Matameye da Dungu, a bakin korama. Wanda ya san wurin yanzu kaɗai ba zai gane abin da nake faɗi ba. Da muna yara, in damina ta yi kyau, ruwa yakan kwanta a kwarin nan har rani ya raba, bado ya rufe shi, kirinjijiya, agwagwar daji, ta sauka garke-garke da yamma tana fito. Mata suna wanki a baki, shanu suna sha a can gaba, masu rake suna kai da kawowa da jakuna. Ƙamshin laka da ɗanyen rake shi ne ƙamshin gida a wurina, har yau in na ji shi a kasuwa sai na tsaya.

Gonar da mahaifina ya bar mini tana gangarowa ne daga tudu zuwa kwari. Sama ana shuka hatsi, tsakiya akwai rijiya da fangalin tumatir da albasa, can ƙasa kuma, inda muke kira gindin gona, kacala ce, doguwar ciyawar ruwa, ta yi duhu, ta fi tsayin mutum, ruwa na kwance a ƙarƙashinta. Maƙwabta duk sun ƙone tasu tun da daɗewa sun dasa rake. Mahaifina bai taɓa sa wa tasa wuta ba. Yakan yanki ta baki-baki in zai gyara rufin ɗaki, amma cikin bai yarda kowa ya shiga ba, saboda kazar ruwa.

Tsuntsuwa ce baƙa wuluk, ba ta fi kurciya ba, ƙafafunta ja, bakinta ruwan ɗorawa, yatsunta dogaye. Na iya kwatanta ta, amma ganin da na yi mata a duk rayuwata kaɗan ne, shi ma gilmawa ce tsakanin kara da kara. Ba ta son a gan ta. Jin ta ake yi. Da asuba, in gari ya fara haske, namijin yakan ja wani gurnani kamar igiyar guga na gogar itacen bakin rijiya, macen ta amsa masa da taushi, sai wasu su karɓa daga wani ɓangare, har kacalar gaba ɗaya ta ɗauka. Mahaifina in ya idar da salla ba ya komawa gida. Yakan gangara da carbinsa ya tsaya a kan kunya ya saurara. Daga inda kukan ya fito yake gane inda ruwa ya tsaya: in suna yi daga baki-baki, ruwa ya cika, in sun koma tsakiya, ruwa yana ja da baya. Ya taɓa ce mini tun kakansa suke wurin, sun riga mu, kuma kowace halitta da irin tasbihin da take yi wa Ubangijinta, ba ya so a ce a hannunsa aka yanke nasu. Bai ƙara a kan haka ba, ni ma ban tambaya ba. Da ya rasu sai na tarar ƙafafuna suna kai ni kan kunyar nan bayan salla ba tare da na yi shawara da su ba.

Wanda gonarsa ke jikin tawa ta gabas taubashina ne, ɗan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Tare aka yi mana kaciya, tare aka kai mu makarantar allo, shi ya gudu, ni na zauna. Tun da muka yi wayo ban tuna ranar da muka yi magana ba tare da zolaya ba. Ni yakan ce mini Malam mai kiwon kajin da ba a gani, ni in ce masa bawana. Manomin rake ne na gaske. Irin da yake nomawa farin rake ne mai laushi, wanda tsohuwa marar haƙora ma za ta sha, mahaifinsa ya kawo shi daga wajen Icirnawa tun yana saurayi. Rake kuwa ba ƙwaya gare shi ba da za a zuba a tulu a ajiye. Gaɓa ake yankewa a binne ta tsiro. In na gona ya mutu gaba ɗaya, irin ya tafi ke nan.

Gonarsa ta ɗan fi tawa tudu, don haka ita ta fara bushewa. Ya yi ta ƙara wa rijiyarsa zurfi har ya kai ga farar ƙasa mai tauri, babu ko danshi. Kafin sanyi ya shigo rakensa ya ƙone, sai wasu ƴan gindi a kusurwa da yake ɗebo musu ruwa daga rijiyata.

Ana cikin haka aka yi shela a rediyo cewa kowa ya sauka fadama ya yi noman rani, kada a bar ƙasa mai danshi a kwance. Gaskiya ce, yunwa ta shigo, mutanen arewa sun fara sauka da ƴan komatsansu. Ba a daɗe ba mai gari ya zagayo korama tare da wani ma'aikacin noma daga biro, wato ofishin kumandan, da jandarma guda. Ma'aikacin yaro ne mai ladabi, ya gaishe ni ya kira ni Malam, sannan ya tsaya ya dubi kacalar nan ya ce a duk kwarin babu inda ya fi ta ruwa. Ya ce umurni ne daga sama, duk wurin da mai shi bai noma ba za a ba wanda zai noma. Na ce masa akwai masu zama a ciki. Ya tambaye ni su wa, na faɗa masa. Bai yi dariya ba, jandarman ne ya yi. Mai gari ya sa baki ya ce tun da gonar ɗan gwaggona ce ke jiki, kuma tasa ta bushe, shi ya fi cancanta, kada a kawo bare tsakanin dangi. A nan take aka ba shi aron wurin har Allah Ya kawo ruwa.

Washegari na same shi a bakin kacala yana wasa adda, ga tarin busasshen kara ya ajiye gefe na kunna wuta.

Ya ce, "Malam, ka zo ban kwana da kajinka? Ka ce musu su tattara, mai gida ya sauya."

Na ce, "Bawa ya sami gona, yau ba za mu sha ruwa ba."

"Za ka sha, har da shu, kabejin nan, da ganyen salati. In na ƙone nan na kafta, wata biyu sai ka ga ganye. Ka zo da ƙwarya in sam maka, ba na hana almajiri."

Na zauna a kan kunya. Ya daina wasa addar ya dube ni. Sannan na kira shi da sunansa na yanka, wanda tun muna yara ban kira shi da shi ba, na ce ina roƙonsa don Allah da darajar kawunsa, mahaifina, da ke kwance a kabari, kada ya sa wa wurin nan wuta.

A wurinmu taubashi yana iya ƙwace maka hula a kasuwa, ya ci abincinka, ya zage ka a gaban surukanka, ba wanda zai ce uffan. Amma in ya ajiye wasa ya roƙe ka abu da gaske, ba a hana shi, shi ya sa ma ba a cika yi ba. Na san nauyin abin da na ɗora masa. Shi ma ya sani. Fuskarsa ta sauya, ya kafa addar a ƙasa.

Ya ce, "Ka san abin da kake cewa? In ban noma nan ba, me zan ba yara? Sai dai in bi ta daji in tafi Kano."

Na ce na sani. Na ce abin da rijiyata ta fitar, gidana da gidansa ne.

"Rijiyarka ba za ta riƙe gida biyu da ni a ciki ba, ka san cina." Ya dubi kusurwar gonarsa. "To rakena fa? In na tafi wa zai ba shi ruwa? Wannan shi kaɗai tsoho ya bar mini."

A nan muka ƙulla. Zai tono ƴan gindin da suka rage, mu yanka gaɓa-gaɓa mu dasa su kewaye da kacala ta ɓangaren hanya, yadda duk wanda ya zo dubawa zai ga an noma. Shi zai tafi neman abinci. Ni kuma in riƙe masa irin nan da rai har ya dawo, kome daɗewa. Ya bar mini kacala, ni rake yana wuyana.

Da muka gama dashen ya wanke hannu a ramin da muka haƙa a baki, ya ce, "In na dawo na tarar ya mutu, kai zan dasa a nan, in riƙa ba ka ruwa safe da yamma." Na ce bawa ba ya dasa ubangijinsa. Da sassafe ya bi masu jakuna da suka san hanyar da ƴan duwan, masu kama kayan fasa-ƙwauri, ba sa bi.

Lokacin sanyi abin ya zo da sauƙi. Raken ya tsiro, ya yi kore shar. Ma'aikacin noma ya sake zagayowa, ya tsaya ya dubi layin raken, ya ɗaga kai ya dubi kacalar da ke bayansa, ya dube ni, ya ce sannu da aiki Malam, ya wuce. Allah Ya saka masa. Ina ɗiban ruwa daga ramin baki da ƙwarya ina zuba wa raken, kajin kuma suna ta kukansu. Ina jin su daga wurare da dama, wasu ta gabas, wasu ta wajen tsohuwar giginya, wasu a tsakiya.

Da bazara ta kama ne na gane abin da na ɗauko. Ruwan ramin nan da ruwan da ke ƙarƙashin kacala ruwa ɗaya ne. Duk ƙwaryar da na zuba wa rake, daga ƙarƙashin ƙafar tsuntsun na ɗebo ta. Rake kuma a zafi ba ya ƙoshi. Na fara lura na gabas sun yi shiru. Bayan ɗan lokaci na wajen giginya ma suka daina. Ko tashi suka yi, ko matsawa ciki suka yi, ban sani ba. Kacalar baki ta bushe ta yi fari, in iska ta kaɗa sai ka ji tana ƙara kamar takarda. Ya rage saura murya biyu a can tsakiya, namiji da mace, su ma ba kullum ba. Wata safiya na tsaya a kan kunya har rana ta fito ta dake ni, ban ji kome ba. Washegari ma haka.

Ban shiga ba, don mahaifina bai taɓa shiga ba, kuma in suna nan shigata ce za ta kore su. Dabarar da ta zo mini ita ce in shafe laka. Akwai wata ƴar kafa da ke shiga cikin kacala inda ƙasa ke da sauran danshi. Da la'asar sai in durƙusa in shafe wurin da tafin hannu ya yi sumul kamar sabon daɓe, da safe in zo in duba. Ranar farko sawun ɓera na gani da na ƙadangare. Bayan nan sai ga shi: yatsu uku dogaye a gaba, ɗaya ƙarami a baya, sun fito sun zaga sun koma. Na yi hamdala a fili. Suna nan, zafi da ƙarancin ruwa ne suka sa su yin shiru. Amma lakar da ke ɗaukar sawun kullum ƙara matsawa ciki take yi, har sai na kwanta rub da ciki na miƙa hannu kafin in kai gare ta.

Na daina ɗiba daga ramin. Raken bai ɗauki lokaci ba ya nuna, ganye ya naɗe, bakinsa ya fara ƙonewa. Uwar yarana ta gangaro da fura ta gani, ta ajiye ƙwaryar ba ta zauna ba.

Ta ce, "Malam, amanar mutum ce fa wannan. Ya bar gidansa yana can cikin wahala. Kazar nan ƙwai take maka ko nama?"

Na ce ba ko ɗaya.

"To ka zaɓa. Ni dai ba zan iya haɗa ido da matarsa ba in raken nan ya mutu."

Ta yi gaskiya. Na yi kwanaki ina jujjuya abin, ina salla da shi a raina. Ruwa iri biyu ne a gonar, na kacala da na rijiyar tsakiya, masu sha kuma uku: tsuntsu, rake, da fangalina. Biyu daga ciki ba nawa ba ne. Wanda nake da iko a kansa shi ne na ukun. Na je na sami uwar yarana tana surfen ɗan hatsin da aka raba mana na taimako, na ce zan saki fangalin tumatir da rabin albasa, in juya ruwan rijiya zuwa rake.

Ta tsaya da taɓarya a hannu. "Mu ci me?"

Na ce albasar da ta rage da rogo suna nan, kuma zan koma rubutun allo da ɗinkin hula da rana, abin da Allah Ya kawo mu raba da gidan ɗan gwaggo kamar yadda muke yi.

Ta yi fushi da ni ranar nan, har washegari. Amma da na ɗaura wa jaki tuluna na fara jigila daga rijiya zuwa gindin gona, ina juyowa sai na gan ta a bakin rijiyar tana jan guga. Matar taubashina ma ta zo da tulunta. Haka muka yi ta yi. Rijiyar ba ta tara ruwa da yawa, sai a kwashe a jira ta sake tarawa. Tumatir ya bushe a tsaye muna wucewa ta gefensa. Ban iya ceton raken duka ba, na ɓangaren yamma ya tafi, na tattara ƙarfina a kan wanda ya fi kusa da inuwar kacala. Na rufe gindinsa da busasshen ganye, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, don a shekarar nan akuya har tsumma take ci.

Akwai ranar da wasu baƙi daga arewa suka zo suna tonon saiwar bado a busasshen kwari, ɗayansu ya ga sawun a laka ya ce zai kafa tarko. Mutum ne da yunwa ta ci, idonsa ya faɗa. Ban iya yi masa faɗa ba. Na ce masa naman da ke jikinta bai kai loma biyu ba, na tono masa rogo ya tafi da shi. Ban sani ba ko ya dawo a bayan idona. Sawun dai bai ɓace ba.

Ruwan farko ya zo mana a makare, da rana tsaka, da iska mai ƙarfi. Yara suka fita tsirara suna ihu, manya suna kabbara a ƙofar gida. Bai cika korama ba, amma ya jiƙa ta. Bayan ruwa na biyu, ina tsaye a kan kunya da asuba, sai na ji gurnanin nan daga tsakiya, a hankali kamar mai gwada murya bayan jinya, macen ta amsa. Na zauna a ƙasa ina saurare. Kafin kaka na ga wani abu da mahaifina ya taɓa ba ni labari ban taɓa gani ba: ƴan tsaki baƙaƙe kamar dunƙulen auduga da aka tsoma a tawada, suna bin uwarsu a kan ganyen bado, ƙiftawar ido suka shige.

Taubashina bai dawo da damina ba. Saƙo ya zo ta bakin wani mai jaki cewa yana nan lafiya, yana tura kurar ruwa a unguwannin Kano, kuma ya ce a gaya wa Malam kada ya sha masa rake. Na ce a gaya masa wanda ya gudu daga ɗiban ruwa a gida ga shi yana sayar da shi a birni. Daga baya muka ji ya kwanta ciwo, ya daɗe bai fita ba. Gwaggona ta rasu a wannan tsakanin ba ta sake ganinsa ba. Ni na shiga kabarinta a madadinsa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, don na san roƙon da na yi ne ya raba su.

Raken ya nuna a sanyi. Ya yi kauri, ya yi gaɓa dogaye, in ka wuce ƙamshi na bugunka. Masu saye daga Damagaram suka zo har bakin gona, na ce ba nawa ba ne. Yarana da nasa suna zagaye shi suna haɗiyar yawu. Na kira matarsa na ce ita ke da iko, ta ɗebi na sha ta ba yara, sauran na yanka gaɓa-gaɓa na sake dasawa, na faɗaɗa layin. Rijiya ta dawo da ƙarfinta, bazarar da ta biyo baya ba ta wahalar da mu kamar ta farko ba.

Sai da aka buɗe iyaka ya dawo, a bayan wata motar kaya, da buhu guda da ƴar rediyo. Ya rame har na kusa wuce shi a tasha. Ya fara zuwa maƙabarta, ni ina biye da shi, muka yi addu'a. Ya kwana biyu a gida ana ta zuwa yi masa gaisuwa da barka da dawowa. A rana ta uku da hantsi ya aiko yaro ya ce in same shi a korama.

Na tarar da shi tsaye a gaban raken, hannuwa a baya kamar mai duba aikin ɗan ƙwadago. Ya bi layin daga farko har ƙarshe yana taɓa ganye. Ya zaɓi kara guda, ya sare, ya feƙe da haƙori, ya tauna, ya tsotse, ya tofar. Ya sake gutsura. Ina tsaye ina jira kamar wanda aka kai gaban alƙali.

Ya ce, "Ka tabbata ba a kasuwar Kance ka sayo wani ka dasa ba?"

Na ce, "Bakin da ya saba da garin rogon birni ina zai gane rake?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya juya mini baya ya daɗe yana kallon gonarsa. Da ya juyo idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Shi ne. Na tsoho ne."

Muka kwashe yinin nan muna sara. Na ɗora wa jakina, na yi ta hawa da shi zuwa gonarsa, wadda danshi ya dawo mata. Shi yana jan kunya, ni ina jera gaɓoɓin ido yana kallon sama, ina rufewa. Ƙarfinsa bai dawo ba, yakan zauna ya huta, ya ce in yi sauri, tun da ya tafi bayi suka lalace. Matarsa ta kawo mana fura muka sha a ƙwarya ɗaya. Na so in yi masa maganar gwaggo, na fara, ya ɗaga hannu ya ce kwananta ne ya ƙare, ko yana nan ba zai ƙara mata ko yini ba, kada in sake tayar da zancen.

La'asar ta yi muka yi alwala a ramin baki muka yi salla a kan kunya. Mai gari yana dawowa daga wata gona ya tsaya yi masa sannu da zuwa. Taubashina ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ka zama shaida. Wurin nan da aka ba ni aro na mayar wa mai shi, da kacalarsa da kajinsa da aljanunsa. Abin da na ba shi ajiya kuma ya ba ni, har da ƙari. Ba na bin sa kome."

Mai gari ya dube ni, ya ce, "Malam, ka ji?"

Na ce na ji, na kuma gode, ni ma ba na bin sa kome.

Taubashina ya ɗauki addarsa ya rataya, ya zaro kara guda daga ɗaurin da ya ware na gida, ya miƙo mini. Ya ce, "Ungo, ka sha. Na ji an ce tun da na tafi ba ka ɗanɗana ba, kana ta kallo kamar maraya."

Na karɓa, na zauna a kan kunya na feƙe shi.